Gemun Malam Ƙamus

Tun kafin Auta ta yi wayo ta san mahaifinta da abu biyu: haɓa mai santsi da baki mai bayani. Shekara da shekaru ya yi yana koyar da Turanci a makarantar sakandare, kuma ɗalibai ne suka laƙaba masa Ƙamus, don ba a furta kalma a gabansa ya bar ta ta wuce lafiya. Sai ya tare ta, ya tambayi uwarta da ubanta da garin da ta fito. Sunan ya bi shi har gida. Marigayiya matarsa ma in ranta ya ɓaci takan ce, "Ƙamus, rufe shafin haka nan, abinci na hucewa."

Bai daɗe da yin ritaya ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ya ɗauke hannun dama da ƙafar dama, ya ɗan karkatar da leɓe, amma ya bar masa harshe. 'Ya'yansa biyu ne. Babban, wanda Auta ke kira Yaya, yana wani gari mai nisa da matarsa da yaransa da aikin ofis. Ita kuwa aurenta ya mutu tuntuni, ba ɗa ba jika. Don haka da aka zo maganar wanda zai riƙe tsohon, ba a ma yi wata doguwar shawara ba. Kowa ya juyo ya dube ta.

A masana'antar ɗinki take aiki, kuma wuyan riga kaɗai take ɗinkawa. Wata ta miƙo mata, ta ɗinka, ta miƙa wa ta gaba, daga safe har yamma. Ba ta taɓa ganin rigar da ta gama haɗuwa ba sai a jikin mutane a titi. Kafin ta fita kuwa sai ta dafa ruwa, ta goge wa Baba jiki, ta sauya zanen gado in dare ya yi ɓarna, ta ba shi shayi da burodi, ta ba shi magani, ta zaunar da shi a kujerar falo kusa da taga. Da rana maƙwabciyarsu ke leƙowa ta ba shi abinci.

Aski kaɗai ne ba ya cikin aikinta. Wannan na Dogo mai aski ne, tsohon abokin Baba, wanda ke zuwa da 'yar jakarsa ya gyara masa fuska suna gardama. Sai wata rana Dogo ya tsaya da aska a sama, ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"Malam, hannun nan ya fara rawa ba kiɗa," in ji shi. "Ina tsoron in yi maka aika-aika. Ka yafe ni."

Ya naɗe kayansa ya tafi, bai ko sha ruwan da aka kawo masa ba. Auta ta kira wani mai shago a bakin titi, ya zo da injin aski. Baba ya ji ƙarar injin ya kawar da kai, ya ce shi ba filin ƙwallo ba ne da za a zo a yanke masa ciyawa.

Gashi ya fara tsirowa, fari fat, mai kaushi. Baba ya riƙa susa da hannun hagu har wuyansa ya yi ja. Shayi na zuba a ciki ya bushe. Ya rage magana, ya rage cin abinci.

"Ban taɓa shiga aji da fuska kamar burushin goge takalmi ba," ya ce mata wata safiya.

"Baba, ai ba aji za ka ba."

Ya juya ya kalli taga. Maganar ta bi ta har wurin aiki, ta zauna mata a ƙirji yini guda. Da ta dawo ta buɗe durowarsa ta ɗauko kayan askinsa na da: wani ƙarfe mai nauyi da ake murɗa gindinsa bakin ya buɗe a saka reza, da burushi da gashinsa ya zube rabi, da kofin sabulu.

Washegari ta ɗaura masa tawul a wuya, ta tsaya. Tun da aka haife ta ba ta taɓa kai hannu fuskar mahaifinta ba. Ta goge masa baya, ta wanke masa ƙafa, ta yi masa abin da ya fi wannan nauyi ido a ƙasa, amma fuska daban ce, dole a kalli juna. Shi ma kunyar ta kama shi. Da ma shi abu ɗaya ya iya yi in kunya ta kama shi.

"Auta, kin san me Bature ke kiran wannan abin da za ki yi?"

"Na sani, Baba."

"Shave. To amma kin san daga ina ta fito?"

Ta sani. Ta ji wannan karatun tana 'yar firamare, tana tsaye riƙe masa madubi. Amma ta ce, "A'a." Ta fara shafa masa kumfa.

"Asalinta ba ruwanta da gemu. Kakanninsu na can da, in sun ce shafan, kankarewa suke nufi. A kankare itace, a kankare fata, a fere abu har ya yi sumul. Kalmar masassaƙa ce da majema. Daga baya ne ta hau fuskar mutane."

"Shafan? Ashe shafa ce. Daga wurinmu suka sata."

Idonsa ya kawo haske irin wanda ta daɗe ba ta gani ba. Ya ɗaga yatsan hagu. "Kul! Nan ne malalata ke faɗawa rami. Ba dangin iya ba na baba. Kama ce kawai ta baki, kamar ki ga baƙo a kasuwa ya yi kama da kawunki. 'Yan uwanta na jini suna can wajen Jamusawa da mutanen Rum na da, kuma duk maganarsu ɗaya ce: susa da kankara."

"Baba, rufe bakin, zan bi ta leɓe."

Ya rufe na ɗan lokaci. Reza ta bi kumatu tana wani ƙaramin sauti kamar ana share tsakar gida daga nesa. Ta yanke shi wuri biyu, ƙanana, ta danna da bakin tawul. Da ta gama ta miƙa masa madubi, ya juya haɓa hagu da dama.

"Ba laifi," ya ce. "Kin ci rabin maki."

Ranar ya cinye burodinsa tas.

Daga nan aski ya shiga layin ayyukan safe. Da farko ta so ya zama na ranar hutu kaɗai, amma gashin tsoho ba ya jin lallashi, kwana biyu ya dawo, shi kuma sai ya fara susa yana kallon ta ta gefen ido. Ta koma tashi da wuri fiye da da. Shi kuwa kullum da abin da zai ƙara. Yau ya ce ɓawon da ke fita in kafinta na goge katako, sunansa daga wannan kalmar yake. Gobe ya ce in ɗan kasuwa ya ɗan rage farashi, ko mai tsere ya rage 'yan daƙiƙu, ita dai suke kira. Jibi ya ce har ɓawon gyambo danginta ne na nesa, da kalmar da suke kiran tufafin da suka ƙoƙe.

"Kuma in an damfari mutum an bar shi ba ko sisi, da can sukan ce an yi masa ita."

"Mu ma ai muna cewa an aske shi."

"Wannan kam kin yi daidai. Macuci ko'ina wanzami ne."

Wani lokaci tana jin daɗin hirar. Mafi yawan lokaci ba ta ma jin ta. Kunnenta na wurin ruwan da ke kan wuta, idonta na kan agogon bango, tana lissafin ko za ta riski motar ma'aikata. Takan ce "uhm" a inda ya dace, hannunta na aiki.

Da lokacin komawa makaranta ya ƙarato, masana'anta ta karɓi kwangilar kayan 'yan makaranta, aka ƙara musu awanni. Auta ta riƙa dawowa bayanta a sandare, idonta na ganin layin zare ko ta rufe shi. Ƙafafunta suka kumbura. Ta kira Yaya ta ce ko zai zo ya kama mata na ɗan lokaci. Ya ce wallahi yana so, sai dai ofis ba sa ba da hutu yanzu, ta ƙara haƙuri, Allah na ganin ƙoƙarinta.

"Yana gani kam," ta ce, ta kashe wayar.

Safiyar da abin ya faru ta makara. Zanen gado ya ɓaci, ta wanke, ruwan zafi ya ƙare, ta sake ɗorawa. Ta ce, "Baba, a bar askin nan sai gobe." Ya ce to, amma ya kai hannu ya fara susa. Ta ja tsaki a ciki ta ɗauko kofin sabulu. Ta saka sabuwar reza. Ta gama kumatu, ta ɗaga masa haɓa ta gangaro wuya. Yana cikin bayanin yadda kalmar ta sauya kama a bakin mutane, maƙogwaronsa na hawa yana sauka. Ba ta san lokacin da idonta ya rufe ba. Ba barci ba ne sosai, wani ɗan duhu ne ya gifta. Da ta buɗe ido kumfar da ke ƙarƙashin muƙamuƙinsa ta zama ja.

Yankan bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, amma jinin ya ƙi tsayawa. Ta danna tawul, ya jiƙe. Ta ɗauko wani, shi ma ya jiƙe. Jini ya bi wuyan rigarsa ya sauka ƙirji. Ta ƙwala wa maƙwabciya kira da wata murya da ba ta san tana da ita ba. Mijin maƙwabciyar, direban tasi ne, ya fito da burushin haƙori a baki, suka cicciɓi tsohon zuwa mota.

A asibiti aka yi masa ɗinki aka rufe da filasta. Nas ɗin da ta yi aikin ta karɓi ledar magungunansa ta duba, ta ɗago wani kwali.

"Wa ya ce ki sa wa mai shan maganin tsinka jini reza a wuya? So kike ki kashe shi?"

"Ba wanda ya gaya min."

"Ai sai ki tambaya. Da kin ƙara matsawa kaɗan da yanzu wani zancen ake yi."

Auta ta tura keken Baba zuwa baranda, ta zauna a benci suna jiran likita ya sallame su. Hannayenta na kan cinya, jini ya bushe a gefen farcenta. Rabin fuskar Baba a aske, rabi da busasshiyar kumfa. Ya daɗe yana kallon ta.

"Auta."

"Na'am."

"Akwai ma'ana ɗaya da ban gaya miki ba. In mutum ya tsallake rijiya da baya, in mota ta wuce ta goge masa riga ba ta taɓa shi ba, Bature sai ya ce an yi masa askin kurkusa. Kin ga yau mun yi darasin a aikace."

Ya yi 'yar dariya da rabin baki, yana jiran ta taya shi. Ita kuwa sai ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kuka, irin kukan da ba sauti, kafaɗu kawai ke motsi. Ya miƙa hannun hagu bai kai gare ta ba, keken ya yi nisa da bencin. Ya mayar da hannun.

Maƙwabciya ce ta kira Yaya, kuma wannan karon hutu ya samu. Ya iso da jaka da wani kwali mai ƙyalli. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya duba filastar, sannan ya bi Auta kicin ya turo ƙofa.

"Yanzu ke da hankalinki ki ɗauki reza ki hau wuyan tsoho? Me ya hana ki gaya min in aiko da inji?"

"An kawo inji ya ƙi."

"Sai ki lallashe shi. Komai ai dabara ne."

Ta ajiye wuƙar da take yanka albasa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta da ƙarfin hakan.

"Yaya, tun yaushe rabonka da ka ɗaga shi daga gado? Ka san nauyinsa? Ka san sau nawa yake kira kafin gari ya waye? Ni na san dabara. Barci ne ban sani ba. Tunda ka zo, ga shi nan. Ka yi masa wankan, ka yi askin, ka ji karatun. Ni zan kwanta."

Ta wuce shi ta shiga ɗaki ta kwanta da kayan jikinta. Bangon gidan ba kauri gare shi ba, kuma kujerar Baba na jingine da na kicin. Ba wanda ya tuna da hakan sai daga baya.

Yaya ya yi ƙoƙari, ba za a ce bai yi ba. Ya yi wankan, ya jiƙa rabin katifa. Ya ba da maganin safe da rana. Da filasta ta fita ya buɗe kwalinsa ya fito da ɗan injin aski mai caji, ya ce wannan ko jariri aka yi wa ba zai ji ba. Baba bai yi gardama ba, abin da ya ba kowa mamaki. Ya miƙa haɓa. Injin ya yi ta zirya yana kuka, ya bar gashi tsibi-tsibi a lungun wuya inda fata ta saki.

"Ya ka ji, Baba?"

"Wannan ba kankara yake ba, kiwo yake. Kamar akuya a bakin hanya." Ya shafa kumatu. "Amma an gode. Allah ya yi albarka."

Bai yi bayanin kowace kalma ba. Yaya ya ɗauka gajiya ce.

Kafin mako ya zagayo waya ta fara damun Yaya, ofis na nema, ƙaramin yaronsa ba lafiya. Ranar da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu, yana ta gyara igiyarta.

"Auta, ban san haka abin yake ba."

"To."

"Zan riƙa zuwa. Zan nemo wadda za ta riƙa kama miki."

"Allah ya kiyaye hanya, Yaya. Ka gaida yaran."

Bayan kwana biyu gashi ya sake fitowa. Ta ɗauko injin ta zo ta ɗaura wa Baba tawul. Ya kai hannun hagu ya cire tawul ɗin, ya ninke shi a cinya yadda ya iya.

"Mayar da shi kwalinsa."

"Reza dai an hana, Baba."

"Ba ita nake nufi ba. Na bar aski. Gemu zan tara."

Ta tsaya da injin a hannu. "Kai da ka ce ba ka taɓa..."

"Na faɗa. Yanzu kuma na faɗi wata. Mutum ya kai shekaruna ba gemu, ai sai a ɗauka ƙaramin ma'aikaci ne." Ya kalli taga. "Je ki sha shayinki a zaune."

Ta so ta yi musu, ta ce ba nauyi ba ne, minti nawa ne. Amma ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce. Ta mayar da injin kwali ta ɗora a saman kabad.

Makonnin farko ya sha wuya. Tana ganin hannunsa na tashi zai yi susa, sai ya hango ta ya mayar da shi kan cinya. Daga baya gashin ya yi tsawo ya yi laushi, ƙaiƙayin ya lafa. Gemun ya fito fari, cikakke, ya rufe karkacewar leɓen har ba a lura da ita. Maƙwabciya ta ce ya yi masa kyau. Aikin Auta bai ragu da wani abin kirki ba, wanki na nan, wuyan riga na nan, matar da Yaya ya ce zai nemo ba ta zo ba. Abin da ya ragu shi ne magana. Ashe a ƙarƙashin reza kaɗai yake samun mai sauraro a tsaye wuri ɗaya. Yanzu da safe sai ta gaishe shi, ya amsa, ta ba shi magani, ya haɗiye.

Wata ranar hutu da la'asar aka yi sallama. Wani mutum ne mai ƙiba da furfura a gefen kai, riƙe da ledar lemo. Ya ce shi tsohon ɗalibin Malam ne, aiki ya kawo shi garin, aka kwatanta masa gidan. Auta ta shigo da shi falo. Ya rusuna ya gaida tsohon da ke kujera cikin ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙon dattijo, sannan ya juyo wurinta.

"Malam ɗin fa? Ko yana ciki?"

Ta buɗe baki, Baba ya riga ta.

"Ya ɗan kwanta," ya ce. "Ba ya jin daɗin jikinsa. Za a gaya masa ka zo."

Mutumin ya ce ayya, Allah ya ba shi lafiya, kada a tashe shi. Ya ce a gaya masa har yau in ya ji baƙuwar kalma sai ya tuna shi, kuma bai taɓa ganin malami mai tsafta kamarsa ba. Baba ya gyaɗa kai ya ce za a gaya masa. Auta ta raka baƙon bakin ƙofa. Maganar ta zo mata har leɓe, ta ga ya riga ya ciro makullin mota yana duba waya, sai ta ce ya sauka lafiya.

Ta dawo ta tsaya a gaban kujerar.

"Baba, me ya sa?"

"Wani mutum ya zo gani. Bar shi ya koma da shi yadda ya san shi." Ya numfasa. "Kuma da na ce ni ne, sai ya zauna, sai na yi magana, sai kin dafa masa wani abu. Na gaji, ke ma kin gaji. Ɓare mana lemon nan."

Ta jawo 'yar kujera ta zauna kusa da shi. Ta ɓare ɗaya, ta cire 'ya'yan, ta miƙa masa sala-sala. Lemon da ɗan tsami. Suka shanye shi, ta ɓare na biyu.